Bayan Yellowstone: yadda wata tsohuwar mai gyaran turba ta sake koyon fita

Asalin lamarin

Matar da wannan nazari ya shafa Ba'amurkiya ce, shekarunta sun ɗan haura talatin lokacin da matsalar ta kunno kai. Ba za a faɗi sunanta ba, haka ma birnin da take zaune. Ya isa a ce birni ne a tsakiyar Amurka, ƙasa shimfiɗaɗɗiya wadda ido ba ya hango dutse ko ɗaya, kuma daga can zuwa Yellowstone tafiyar kwana biyu ce a mota. Kafin ta samu aikin ofis, ta yi shekara uku a jere tana aikin wucin gadi a gandun daji na ƙasa na Yellowstone, cikin ayarin masu gyaran turba.

An keɓe Yellowstone ranar 1 ga Maris, 1872, shi ne gandun ƙasa na farko a Amurka. Mafi yawansa yana jihar Wyoming, gefunansa sun leƙa Montana da Idaho, faɗinsa ya kusa murabba'in kilomita 9,000. Wuri ne mai tudu ƙwarai: babban tafkin da ke cikinsa ma yana sama da mita 2,300 daga matakin teku. Dusar ƙanƙara tana rufe yawancin hanyoyin mota daga farkon Nuwamba har tsakiyar Afrilu, wasu har cikin Mayu. Shi ya sa hukumar kula da gandayen ƙasa, wadda aka kafa a 1916, take ɗaukar ma'aikata da yawa na watannin ɗumi kaɗai. Ƙa'idar irin wannan ɗauka ita ce kada aikin ya wuce awa 1,039 a shekara. Mako 26 na awa arba'in-arba'in ya kama 1,040, wato an rage awa ɗaya tak don kada ya cika wata shida. Duk wanda ya shiga aikin ya san ranar fitarsa tun daga ranar shigarsa.

Matsalar a taƙaice: bayan ta bar aikin, matar da ta saba wuni a ƙafa ta koma tana yin makonni ba ta taka ƙasa ba sai daɓen siminti tsakanin mota da ƙofar ofis. Ta shafe fiye da shekara uku tana neman mafita.

Mayu zuwa Oktoba, 2016 zuwa 2018: aikin da ta baro

Turbobin ƙafa na Yellowstone sun kai wajen kilomita 1,600, kuma kowane lokacin sanyi yana barin su a lalace. Aikin farko idan ƙanƙara ta narke shi ne yanke itatuwan da suka faɗi a kan hanya. Mafi yawan dajin wani irin icce ne miƙaƙƙe, siriri, mai ganye kamar allura, wanda saiwarsa ba ta nitsa ƙasa sosai, iska kaɗan sai ta kayar da shi. Ga kuma gobarar 1988, wadda ta shafi fiye da kashi ɗaya cikin uku na gandun, ta bar matattun itatuwa a tsaye suna ta zubewa shekaru bayan shekaru. Akwai turbar da ayarin zai wuni a kai bai ci kilomita biyu ba saboda gumagumai.

Bayan itace sai ruwa. Duk mai gyaran turba ya san ruwa ne yake cinye hanya, ba ƙafar mutane ba. Idan ruwan sama ko na narkewar ƙanƙara ya samu turba ya bi tsawonta, kafin a ankara ta zama kwazazzabo. Don haka ake gitta gungume ko jeren duwatsu a karkace, a haƙa ƙaramar magudana a gabansa, ruwan ya kauce gefe. Waɗannan magudanu suna cikewa da yashi da ganye, sai an bi su ɗaya bayan ɗaya an yashe. Kayan aikin ba su da yawa: zarto, shebur, sandar ƙarfe ta ɗaga dutse, da wani gatari mai baki biyu, gefe gatari gefe fartanya.

Ayarinta na kwana takwas a daji, awa goma-goma, sannan su huta kwana shida. A tanti suke kwana. Abinci da man goge baki da duk wani abu mai ƙamshi ana rataye shi a sama, mita uku daga ƙasa, kuma wurin girki nesa yake da wurin kwana saboda beyar, wata babbar dabbar daji mai haɗari. Kowa yana da gwangwanin feshin barkono a ɗamararsa. Dokar nisa kuwa har ta zauna musu a ka: mita 91 daga beyar da kyarkeci, mita 23 daga ɓauna da sauran manyan dabbobi.

Akwai wani ɗan aiki da ya faɗo kanta tun shekarar farko, saboda rubutunta ya fi na sauran karantuwa. Ita ce mai riƙe littafin ayari: itace nawa aka yanke, magudana nawa aka yashe, a ina aka ga sawun beyar, wace gada ce katakonta ya fara ruɓewa. Da tafiya ta yi tafiya ta riƙa ƙara nata a gefen shafi, kamar ranar da wata fure ta fara buɗewa ko ranar da sauro ya ɗauke. Ba ta ɗauki wannan a bakin komai ba. Idan tana ba da labarin Yellowstone, abin da take kawowa shi ne kyarketan kwarin Lamar, zuriyar waɗanda aka dawo da su daga Kanada a 1995, da garken ɓauna da ke tsayar da motoci, da kukan da mazan babbar barewar nan ta elk suke yi da asuba a watan Satumba.

2019: farkon matsalar

A farkon 2019 ta karɓi aikin dindindin a wani ofis. Dalilan a fili suke: albashi na wata goma sha biyu, inshorar lafiya, da bashin karatu da ke jiran biya. Ba ta yi nadamar shawarar ba, a lokacin ko daga baya.

Alamomin sun zo a hankali. Barcinta ya rikice, ta kan kai ƙarfe ɗaya na dare ido biyu. Nauyinta ya ƙaru har ta canza tufafi. Da Mayu ta shigo, watan da ta saba ɗaure kaya ta kama hanyar yamma, sai wani ƙunci ya sauko mata wanda ya ɗauki makonni. A bayan gidan da take haya akwai wurin shaƙatawa na unguwa, mai ɗan tafki da rafi da turba da ta zagaye su, tafiyar minti biyar daga ƙofarta. Ta shiga sau ɗaya, ta ji ƙarar babban titi, ta ga robobi a bakin ruwa, ta fito. A ganinta wanda ya yi aiki a Yellowstone ba shi da abin gani a nan.

Yuni 2019 zuwa Maris 2020: gidan motsa jiki

Fassarar farko da ta yi wa halin da take ciki ita ce jikinta ne yake neman aiki. Ta yi rajista a gidan motsa jiki, da niyyar zuwa sau huɗu a mako, minti arba'in a kan injin tafiya da aka ɗaga kansa ya zama kamar hawan tudu. Wannan ya cika ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na aƙalla minti 150 a mako.

Wata biyu na farko ta riƙe. Barcin ya ɗan gyaru. Daga Satumba zuwan ya koma sau biyu, a Disamba sau ɗaya ko babu. Lokacin da annobar korona ta sa aka rufe wuraren a Maris 2020, ta riga ta yi makonni ba ta leƙa ba, kuɗin wata-wata ne kawai yake fita. Ba ta koma ba bayan an buɗe.

Agusta 2021: babbar tafiya

Fassara ta biyu ita ce dajin kansa take kewa, kuma ba kowane daji ba. Ta tara hutunta na shekara wuri ɗaya, ta samu izinin kwana a cikin daji, ta shirya tafiyar kwana biyar a Yellowstone a kan wata turba da ta taɓa gyarawa. Ta sayi sabuwar jakar goyo da sabon takalmi. Shirin ya cinye mata watanni, kuma a watannin nan ta fi walwala fiye da kowane lokaci tun barinta aikin.

Shekarar 2021 ce gandun ya karɓi baƙi kusan miliyan 4.9, adadin da bai taɓa gani ba kafin nan. Ta shiga layin motoci a ƙofa ta biya dala 35 kamar kowa. A kan turba kuwa jiki ya nuna mata shekara biyu da rabi na zaman kujera ba wasa ba ne. Ta taso daga ƙasa mai kwari ta hau sama da mita 2,000 ba tare da kwanakin sabo ba, da kaya mai nauyi a baya. A rana ta uku, wajen gangara, gwiwarta ta dama ta fara ciwo a ƙarƙashin ƙoƙon. Ta yanke tafiyar ta fito a rana ta huɗu.

Wani abu kuma ya faru da ba ta yi tsammani ba. A hanya ta iske ayarin gyaran turba suna yashe magudana. Suka gaisa, suka matsa gefe ta wuce, kamar yadda ita ma ta saba yi wa baƙi. Babu wanda ta sani a cikinsu. Ta koma gida da ciwon da ya kai ta wajen likitan gashin ƙashi na makonni, da ƙuncin da ya fi na da. Daga Satumba 2021 zuwa Mayu 2022 ba ta yi wata fita ta a-zo-a-gani ba.

Yuni 2022: tafiyar da ruwa ya soke

Duk da haka ta sake shiryawa, wannan karon na ƙarshen Yuni 2022, shekarar da gandun ya cika 150. Ranar 13 ga Yuni, ruwan sama mai yawa ya sauka a kan ƙanƙarar da ke narkewa, koguna suka yi ambaliyar da ta cinye sassan hanyar da ta haɗa garin Gardiner da hedikwatar gandun a Mammoth. Aka rufe dukkan ƙofofi, aka fitar da baƙi sama da 10,000. Kudancin gandun ya buɗe ranar 22 ga Yuni, amma ƙofar arewa ba ta karɓi motocin baƙi ba sai ƙarshen Oktoba. Turbar da ta nufa tana arewa. Tafiya ta rushe.

Hutun kuwa an riga an ba ta, mako biyu cur, babu inda za ta. Likitan gashin ya daɗe da ce mata ta riƙa tafiya a ƙasa mai laushi kullum, ba mai nisa ba. A safiya ta uku ta shiga wurin shaƙatawar bayan gida don babu abin yi.

Yuli zuwa Nuwamba 2022: zagaye ɗaya, kullum

Zagayen tafkin bai kai kilomita uku ba, minti arba'in a tafiyar hankali. A kwanakin farko abin da idonta ya fara kamawa ba tsuntsu ba ne, ba fure ba. Magudana ce. A wani gangare kusa da rafi ruwa ya bi tsawon turba ya fara haƙa rami, saboda magudanar da ke sama ta toshe da ganye. Ta sa dunduniyar takalmi ta buɗe ta. Da aka yi ruwa bayan kwana biyu sai ta koma ta duba ko ta yi aiki. Ta yi.

Daga nan ta sayi ƙaramin littafi. Tsarin da ta bi shi ne wanda hannunta ya sani: kwanan wata, lokacin farawa, yanayin sama, abin da ya canza tun jiya. Da hutu ya ƙare ta mayar da fitar ƙarfe shida da rabi na safe, kafin ofis. Ta kafa wa kanta sharuɗɗa uku: turba ɗaya, lokaci ɗaya, kuma ba a fasa fita don ruwa ko sanyi, sai dai a gajarta. Ba ta sa ma'aunin nisa ko na sauri ba.

Tsuntsaye sun shigo ne daga baya, don shafin yana neman abin rubutawa. Ta san manyan dabbobin Yellowstone amma ƙananan tsuntsayen birni ba ta san sunan ko goma ba. Ta sauke manhajar Merlin, wadda tun 2021 take iya gane tsuntsu daga kukansa, ta ciro tsohon tabaron hangen nesa daga akwati. A watan Satumba ta fara shigar da lissafinta a eBird, rumbun da cibiyar nazarin tsuntsaye ta jami'ar Cornell da ƙungiyar Audubon suka buɗe a 2002. Rumbun yana tambayar lokacin farawa, tsawon lokaci, nisan da aka yi, da ko an rubuta duk abin da aka gane. Wato kusan shafin littafin ayari ne aka mayar cikin waya.

Da yake wuri ɗaya take bi, sai canji ya fara bayyana. Zalɓe yana da kusurwar da yake tsayawa, idan ruwa ya ƙaru ya koma wata. Tsattsewar da ke kwana a bututun hayaƙin wata tsohuwar makaranta ta yi ta taruwa da yamma a Satumba, kafin tsakiyar Oktoba babu ko ɗaya, sun kama hanyar Kudancin Amurka. A makonnin nan kuma wasu ƙananan tsuntsaye masu launin toka a baya da fari a ciki suka sauko daga arewa don cin sanyi. Wani jan tsuntsu mai tukku kuwa bai je ko'ina ba.

Wata guda ya kawo cikas. A Nuwamba rana ba ta fitowa da wuri, kuma sanyi ya tsananta, fitar ta ragu zuwa kwana uku a mako. Ta mayar da ita lokacin hutun cin abincin rana a ranakun da take aiki daga gida, ta bar safiya ga Asabar da Lahadi.

Disamba 2022 zuwa Oktoba 2023: shigowar mutane

Wani dattijo da suke yawan haɗuwa a bakin tafkin, shi ma da tabaronsa, ya gayyace ta ƙidayar tsuntsaye ta lokacin Kirsimeti. Wannan ƙidaya ta faro tun 1900, bisa shawarar masanin tsuntsaye Frank Chapman, a madadin gasar harbi da ake yi a ranar. Ana yin ta tsakanin 14 ga Disamba da 5 ga Janairu, kowace tawaga da da'irarta mai faɗin kilomita 24, a raba ta yanki-yanki. Aka ba ta yankin da wurin shaƙatawarta yake ciki, tare da mutum biyu, tunda babu wanda ya fi ta sanin lungunansa.

A wajen cin abincin da aka yi bayan ƙidayar ne maganar magudanu ta taso, aka haɗa ta da masu aikin sa-kai da ke kula da turbobin gundumar. Suna fita Asabar ɗaya a wata daga Afrilu zuwa Oktoba. Yawancinsu ba su taɓa koyon aikin a hannun gwani ba, suna zuba tsakuwa a rami maimakon su kawar da ruwan da ya haƙa shi. A fita ta biyu aka miƙa mata mutum biyar ta nuna musu yadda ake karkata gungume da zurfin da magudana take buƙata. Kafin ƙarshen lokacin, gangaren da ke kusa da rafi ya samu magudanu huɗu sababbi, kuma ramin bai dawo ba.

Inda aka tsaya, ƙarshen 2023

Tana fita kwana biyar ko shida a mako daga Maris zuwa Oktoba, uku ko huɗu a watannin sanyi. Jimillar ta haura awa uku a mako a mafi yawan shekara. Barci ya daidaita. Nauyin ya ragu kaɗan, bai koma na da ba. Gwiwar tana tashi idan ta yi doguwar gangara, don haka tafiyar kwanaki da kaya a baya ta fita daga lissafi a yanzu. Ƙuncin watan Mayu ya zo a 2023 ma, amma na kwanaki ne, kuma ya faɗo daidai lokacin da ƙananan tsuntsaye masu ƙaura suke ratsa birnin, lokacin da littafin ya fi cika. Ba ta koma Yellowstone ba, ba ta kuma nemi aikin wucin gadi ba.

Abin da ya sa wannan ya yi, waɗancan suka ƙi

A ganina kuskuren yana wajen gano ciwon, tun kafin a zo maganar magani. Labaran da take bayarwa na kyarkeci da ɓauna sun sa ta ɗauka girman wuri take kewa. Amma idan aka auna wata biyar na aikin, waɗannan abubuwa mintuna ne. Sauran duk maimaici ne: turba ɗaya da aka bi sau da yawa har aka san kowane dutse, aiki a hannu wanda ake ganin sakamakonsa bayan ruwan sama na gaba, littafi da ake cikewa kowace yamma, da mutane huɗu ko biyar da za su lura idan ba ta fito daga tanti ba.

Gidan motsa jiki ya ba ta gajiyar jiki kaɗai, shi ya sa barci ya gyaru amma babu abin da zai ja ta ta koma, tunda yau da jiya a kan inji duk ɗaya ne. Babbar tafiya ta ba ta wurin, ta hana ta matsayin da ta sani a cikinsa, ga shi kuma ta ɗora wa kwana biyar nauyin shekara guda, a kan jikin da ba a shirya ba. Zagayen tafki ya dawo da maimaici da rubutu, ƙidayar Disamba da aikin Asabar suka dawo da mutane. Tsarin zuwansu ma yana da tasiri: da an gayyace ta ƙidayar a 2019, da ba ta da abin da za ta kai.

Akwai binciken da ya yi daidai da wannan, ko da yake bai tabbatar da shi ba. A 2019 masu bincike ƙarƙashin Mathew White na jami'ar Exeter sun duba bayanan mutum kusan 20,000 a Ingila, suka ga waɗanda ke yin aƙalla minti 120 a mako a cikin itatuwa, bakin ruwa ko wuraren shaƙatawa sun fi faɗin cewa suna cikin ƙoshin lafiya da kwanciyar rai, kuma babu bambanci ko a fita ɗaya aka yi mintunan ko a gajeru da yawa. Alaƙa binciken ya nuna, bai ce wannan ne ya haifar da wancan ba, kuma ma'auninsa mako ne, wanda tafiyar shekara-shekara ba za ta taɓa cikawa ba.

Dole a faɗi sa'ar da ta samu. Wurin yana minti biyar daga ƙofarta, tana jin aminci ta shiga ita kaɗai da sassafe, ofishinta ya yarda da aiki daga gida wasu ranaku, kuma ta zo da sana'ar da masu aikin sa-kai suke buƙata. Wanda sai ya shiga mota rabin awa kafin ya ga itace, ko mai aikin dare, sharaɗin "lokaci ɗaya kullum" zai fi yi masa wuya ƙwarai. Ambaliyar ma ta taka rawa: ba don ta rufe ƙofar arewa ba, alamu sun nuna matar za ta sake yin tafiyar 2021 a karo na biyu, da gwiwar da ba ta gama warkewa ba.